Dorinar Kaka da Idon Mutumin Harobanda

Daga Allah muke, gare Shi kuma muke komawa. Kakana, mahaifin mahaifina, ya rasu a gidansa da ke Bukoki, nan Yamai, bayan gajeriyar jinya. A hannunsa na tashi tun ina ƙarama, da mahaifina ya rasu. Na rubuta wannan don kada a manta da shi, don kuma wanda ya karanta ya sa shi cikin addu'a. Yana bukatarta, kuma ba zan ɓoye dalili ba.

Mutane sun zo gaisuwa fiye da yadda muka zata. Tsofaffin mahaya na filin sukuwa sun zo, ƙafafunsu duk sun lanƙwashe saboda sirdi, suka zauna gefe guda a tabarma suna hirar dawakin da suka mutu tuntuni. Masu sharet, wato amalanken jaki, suka jera jakunansu a lungunmu har taksi ya kasa shigowa. Maƙwabciyarmu Kirista, ma'aikaciyar jinya ƴar Dogondutsi wadda ta riƙa yi masa allura, ta rungume Gwaggo, ƙanwar mahaifina, tana kuka kamar ubanta ne ya tafi. Maƙwabtanmu Zabarmawa suna shigowa suna cewa "Fonda tilas," gaisuwar mutuwa a harshensu, muna amsawa.

Kusan kowa da magana ɗaya yake rufe gaisuwarsa. "Tsohon nan bai taɓa ɗaga hannu ga kowa ba." Wani daga cikin mahayan ya ce, "Wallahi ni ko doki ban ga ya daka ba." Duk lokacin da aka faɗi haka sai Gwaggo ta sunkuyar da kai tana gyara mayafi. Ni da ita mun san ba haka ba ne. Ya taɓa ɗaga hannu sau ɗaya. Wanda hannun ya sauka a kansa yana nan da rai a ƙetaren kogi, kuma ba ya cikin masu gaisuwa.

Da aka fito da shi ƙofar gida za a yi masa salla, mu mata muna ciki, bayan katanga. Na ji liman ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a, duk wanda mamacin nan ya taɓa ɓata wa rai, ya yafe masa don Allah. Yau ba shi da bakin roƙo." Maza suka amsa gaba ɗaya, "Mun yafe." Na jingina da katanga. Waɗanda bai yi wa kome ba su ne suka yafe. Mai haƙƙin bai ji kiran liman ba. Haka aka ɗauki Kaka aka tafi da shi.

Bari in faɗi wane ne shi tukuna.

Bagobiri ne, da zanen Gobirawa a kumatunsa. Ya zo Yamai yana saurayi daga wajen Tibiri, ba shi da sana'a sai doki. Ya yi kiwon dawakin sukuwa na masu hali har ƙarfinsa ya ƙare. Da tafin hannu yake gane ciwon doki tun dokin bai fara ɗingishi ba. Ko da ya tsufa, ƙamshin harawa da man shanu bai bar rigarsa ba. Ni uwargida yake kirana, irin wasan kaka da jika. In na kawo masa fura sai ya leƙa kwanon ya ce, "Uwargida, wagga hura ce ko ruwan wanki? Sakinki zan yi." In ce, "Sake ni mana, tsoho, mu ga wadda za ta kwashe ka." Ya yi dariya har tari ya kama shi, ya shanye furar tas.

A ɗakinsa, sama da gado, akwai ƙusa, a jikin ƙusar akwai dorina a rataye. Baƙa ce, ta kai tsawon hannu da rabi, mai kauri a gindi, siririya a baki. Wata rana ina yarinya na ce, "Kaka, bulalarka ta yi ƙura."

Ya ce, "Mi kika ce?"

Na ce, "Bulalarka."

Ya ce, "Zamna nan. Ku ƴan Yamai kome bulala ne gare ku. Wadda aka karyo daga icce tsumagiya ce, yau ta yi aiki, gobe ta bushe a sa ta wuta. Bulala suna ne babba, duk abin da aka yanko daga fata aka kitsa, ta raƙumi ko ta sa, yana shiga ciki. Can gida tsohhinmu kurfo suke cewa. Yaran filin sukuwa sun ɗauko ta Faransi, karabash, ƴar gajera mai leɓe a baki. Wagga kuwa dorina ce, sunan dabbar da aka yanko ta daga bayanta aka ba ta. Ba a kitsa ta. Tsiri guda ne na fatar dorinar ruwa. A rataye shi da dutse a ƙasa ya miƙe, a fere shi, a yi ta shayar da shi mai har ya yi laushi."

Na ce, "To ita bulala daga ina sunanta ya fito?"

Ya ce, "Ban sani ba, kuma ba ni ƙaga miki. Haka na tarar ana faɗi."

Ya kan ce mahayin kirki ba ya dukan doki da ita. Doki yana ganin gefensa. Ka ɗaga ta ya ga inuwarta, ko ka kaɗa ta cikin iska ya ji kukanta, ya isa. "Ranar da ta taɓa fata," in ji shi, "mahayi ne ya kasa, ba doki ba." Kowace Juma'a kafin ya tafi masallaci sai ya sauko da ita, ya shafa mata man shanu da tsumma, ya mayar. Ban taɓa ganin ya kama ta ta wajen mariƙi ba. A tsakiya yake riƙe ta, nesa da jikinsa, kamar wanda ya ɗauko mataccen maciji.

Da ya daina aiki, a ƙofar gida yake wuni. In mai sharet ya biyo yana dukan jaki, sai Kaka ya tashi ya tsaya tsakiyar hanya. "Yaro, tsaya. Ba ni sandar nan in gani." In ya karɓa sai ya miƙa masa goro a madadinta, ya ce, "Kira shi da baki, yana ji." Wasu su yi gunaguni, wasu su yi dariya, amma babu wanda ya taɓa ƙwace sandarsa. Sandunan suka yi ta taruwa a bayan ƙyaure, Gwaggo tana girki da su. Ta kan ce rabin itacen gidanmu masu sharet ne ke kawowa.

Ina aji huɗu a lakwal, wato makarantar boko, mushe, malaminmu, ya zane ni da bel ɗin mota don na kasa hadda, bayana ya tashi rudu-rudu. Da Kaka ya gani sai ya sa babbar riga ya kama hannuna muka koma. Duk hanya ina kuka, ina tsoron faɗa zai yi a kore ni. Ya yi sallama, ya roƙi mushe ya fito waje, ya gaishe shi da ladabi kamar shi ne yaro. Sannan ya ce, "Mushe, na daɗe ina koyar da dabba wadda ba ta jin Hausa ba ta jin Faransi, kuma tana koya. Ba don yarinyar nan kaɗai na zo ba, har don kai. Hannu yana sauka inda ba ka aike shi ba." Muryarsa tana rawa. A lokacin na ɗauka fushi ne. Sai da na girma na gane tsoro ne.

Gwaggo ce ta ba ni labarin, gab da aurena, ranar da na tambaye ta me ya sa Kaka ba ya haye gada ko suna ake yi a Harobanda, unguwar da ke ƙetaren kogi.

Yana da aboki tun samartaka, Bazabarme, masunci, ɗan gidan masu jirgi a Harobanda. Kowa ya san Bagobiri da Bazabarme abokan wasa ne. Kowanne yana kiran ɗan'uwansa bawansa, yana iya cire masa hula cikin kasuwa, ya zage shi gaban surukansa, ba a fushi. Tsofaffi suna cewa wanda ya yi fushi da abokin wasa ya yi abin kunya, wanda ya zubar da jininsa kuwa abin ba ya barinsa. Shi yana ce wa Kaka wanda kyanwa ta yakushe, saboda zanen fuska. Kaka yana ce masa ci-ganye, saboda kopto, kwaɗon ganyen da Zabarmawa ke so. Kwano ɗaya suke ci. Dorinar ma shi ya ba Kaka ita, daga fatar wadda mahaifinsa ya kashe zamanin da ba a hana ba.

Akwai wani doki akawal na wani mai hali da Kaka ya rena tun yana duƙushi. Ranar wata sukuwa dokin ya zo na ƙarshe. Da Kaka ya kama linzami ya shafa ƙafarsa ta gaba, sai ya ji jijiya ta tsinke. Ya san dokin ba zai sake gudu ba, ya san kuma abin da mai doki zai sa a yi masa. Yana janye shi a hankali, bai gaya wa kowa ba. Abokin bai sani ba. Ya aro akumarin jaki wurin wani mai tallan ruwa, ya ratso taro da gudu, ya jefa shi bisa bayan dokin yana ihu, "Bawana, ga sirdin da ya dace da jakinka!" Taro ya fashe da dariya. Doki ya zabura, ya taka da ƙafar nan, ya durƙushe yana kuka. Kaka ya juyo, dorina tana hannunsa. Sau ɗaya ya kaɗa ta. Bakinta ya sami mutumin a idon hagu, idon bai sake gani ba.

Gwaggo ta ce Kaka ya je har ƙofar ɗakin da aka kwantar da shi a asibiti, ya hango fuskar a naɗe, ya juyo. Manya suka shiga tsakani, aka kai goro da rago. Mutumin ya mayar da su ya ce, "Ban ce a biya ni ido ba. Ya zo da ƙafarsa." Kaka ya ce bayan salla zai je. Sallar ta wuce ya ce ta gaba. Tun ba a haife ni ba ake wannan, ga shi yau ina da ƴaƴa sun girma. Na taɓa ce masa, "Tsoho, ka jefar da abin nan mana, tunda ba ka amfani da shi." Bai yi mini wasa ba ran nan. Ya ce, "Ba a jefar da shaida, uwargida."

Ciwon ajalinsa da safe ya same shi, yana alwala. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Da aka dawo da shi gida daga asibiti aka kwantar da shi a gadonsa, sai ya riƙa ɗaga hannun hagu yana nuna ƙusa, ya nuna ƙofa, ya sake nuna ƙusa. Bakinsa yana motsi ba abin da ke fita. Na ga Kaka ya shiga tsakanin ingarmu biyu suna cizon juna bai ko ƙifta ido ba, amma ban taɓa ganin idanu irin na ran nan a fuskarsa ba. Har yau in na rufe nawa ina ganinsu.

Na ce wa Baffa, ƙanen mahaifina, wanda shi ne babba a gidan yanzu, "Baffa, mutumin Harobanda yake so."

Ya ce, "Ke dai da neman magana. Mutum yana fama da ransa, ki tono abin da aka binne? Bari ya ji sauƙi tukuna."

Bai ji sauƙin ba.

Bayan an binne shi na kasa cin abinci. Ni dama mai tsoro ce, gidanmu kowa ya sani, alwala ma sai in sake ta don ina shakkar ko na wanke gwiwar hannu. To wannan karon ba gwiwar hannu ba ce. In na ɗauki loma sai in tuna yana can shi kaɗai, an zaunar da shi, kuma ba shi da ƙafar da zai haye gada da ita. Na je wurin malamin unguwarmu bayan la'asar na tambaye shi, ban faɗi suna ba. Ya ce, "Abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa, Allah Mai gafara ne. Haƙƙin mutum kuwa sai mai shi ya yafe."

Na ce, "Ko mai laifin ya rasu, malam?"

Ya ce, "Magada suna iya roƙa masa. Amma a hanzarta. In mai haƙƙin ma ya tafi, sai dai su haɗu can."

Da na dawo na gaya wa Gwaggo, sai ta dafe ƙirji. Ta ce wata mai sayar da kifi ta gaya mata tsohon yana kwance tun damina, ba ya fita ko masallaci.

Muka sami Baffa muka ce a je a roƙi tsohon. Ya ce, "Mu kai kanmu a zage mu? Mutumin da ko gaisuwa bai aiko ba?"

Na ce, "Baffa, an gaya masa rasuwar?"

Babu wanda ya gaya masa. Daga nan ya ce shi dai ba ya zuwa, kuma kada a taɓa dorinar, yana so ya rataye ta a falonsa don tarihi. Da ya fita, Gwaggo ta hau gado da kanta ta sauko da ita, ta naɗe ta cikin zane ta sa mini a hannu. Ta ce, "Ni na ga fuskar nan ranar da abin ya faru, ba zan iya sake ganinta ba. Tafi ke. Baffanki ki bar ni da shi."

Washegari da hantsi na shiga taksi. Ban taɓa son gadar nan ba, ina ganin ruwa ƙasa sai kaina ya juya. Na rungume zanen, ina jin taurin abin a ƙirjina, na rufe ido ina salati har na ji tayoyi sun sauka ƙasa. A Harobanda kuma sai wani tsoron ya karɓa. Duk rumfar da na hango da kujerun roba a ƙofar gida sai in ce shi ke nan, na makara. Wata da na tsaya na tambaya, ashe suna ake yi. Na yi ta tambayar gidan tsohon masunci mai ido ɗaya, ina jin kunyar yadda nake kwatanta shi, har wata mata ta nuna mini wani gida kusa da bakin ruwa. Ba rumfa a ƙofar. Na tsaya na yi hamdala.

Ɗiyarsa na tarar a tsakar gida tana gyaran kifi, ta girme ni. Na gaishe ta da Zabarmanci, na faɗi gidan da na fito. Ta ajiye wuƙa ta dube ni sama da ƙasa.

Ta ce, "Yau kuka san hanya?"

Na ce, "Yaya, rasuwa aka yi mana."

Ta ce, "Allah ya jiƙan musulmi. Baba ba ya ganin baƙi, numfashi ma da ƙyar yake yi. Ni na tashi ina ja masa hannu ta gefen hagu, ke kin san wannan?"

Sai wata murya ta fito daga ɗaki, a shaƙe, da Hausa. "Wa ke nan? Ina jin warin Bagobiri."

Ɗiyar ta yi tsaki ta ɗaga mini labule.

Yana kwance bisa katifa a ƙasa, ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa. Idon hagu a rufe yake, ya lotsa ciki, da wani siririn tabo da ya ratsa daga gira zuwa kunci. Na durƙusa.

Ya ce, "Ke ɗiyar wa?"

Na ce, "Jikarsa ce, Baba."

Bai tambayi ko wane ne ba. Ya ce, "Ya aiko ki?"

Na ce, "Ya rasu, Baba. An binne shi."

Ƙirjinsa ya hau ya sauka. Sannan ya ce, "Da izinin wa? Bawa ya tashi ya yi tafiya bai sallami ubangidansa ba? Kuka binne shi ban zo na tsare makara na zage shi ba? Gobirawa ba ku da tarbiyya." Yana faɗi hawaye suna gangarowa, har ta rufaffen idon.

Na kwance zanen na ajiye dorinar kusa da hannunsa. Ɗiyarsa ta ce, "Subhanallahi, abin nan kika shigo mana da shi?" Shi kuwa ya lalubo ta, ya bi ta da yatsu daga gindi har baki, ya kai hanci.

Ya ce, "Man shanu. Wa ke ba ta?"

Na ce, "Shi. Kowace Juma'a."

Na gaya masa yadda magana ta ɗauke, yadda ya yi ta nuna ta yana nuna ƙofa. Na ce, "Baba, don Allah, don Annabi, ka yafe masa. Yana can ba shi da kowa."

Ya ce, "Ban yafe ba."

Na ji kamar an zuba mini ruwan sanyi daga ka har ƙafa.

Ya ce, "Cewa na yi ya zo da ƙafarsa. Ƙafa, ba rago ba, ba jika ba. Kowace salla sai na sa a share ƙofar gidan nan, in sa a dafa kopto don in ba shi haushi. Nan da Bukoki tafiyar me ce? Ya bar ni ina sauraren taku har kunnena ya tsufa."

Na ce, "Tsoron fuskarka yake ji, Baba."

Ya ce, "Ni da ke ɗauke da ita fa?"

Na sa goshina a ƙasa ina kuka. Ɗakin ya yi tsit, sai numfashinsa. Ina jin kowane ja da yake yi, ina tsoron kada ya zama na ƙarshe, da wannan kalma a bakinsa.

Can ya ce, "Ɗaga kanki. Tambayarki zan yi, kuma kada ki yi mini ƙarya." Muryarsa ta sauya, ba zagi a cikinta. "Dokin nan, daga baya na ji ƙafarsa a tsinke take, na ji an yanka shi a daren. Ni na kayar da shi gaban mutane. Mutum yana cikin baƙin ciki na sa aka yi masa dariya. Ina kwance nan ina tunani, in an tambaye ni wannan me zan ce? Na so ya zo in ji daga bakinsa. Ya taɓa cewa ya yafe mini?"

Sai na ga ido ɗayan nan nasa irin na Kaka ne ranar da yake nuna ƙusa. Ashe su biyu ne suke jin tsoro, kogi a tsakaninsu.

Na san abin da yake so ya ji. Na san in na ce e, zai saki Kaka nan take. Bakina ya buɗe zai faɗa. To amma yafiyar da aka saya da ƙarya tana isa kabari kuwa? In kuma ba ta isa ba, na ƙara wa Kaka kaya, na ɗora wa kaina. Na ce, "Baba, ban taɓa jin ya faɗa ba. Ban kuma taɓa jin ya ɗora maka laifi ba, ko sau ɗaya. Amma kalmar da ka tambaya, ban ji ta ba."

Ɗiyarsa ta ja numfashi daga bakin ƙofa. Na ce a raina, shi ke nan, na cuci Kaka.

Sai tsohon ya fara wani sauti, na zaci shaƙewa ce, ashe dariya yake yi. Ya ce, "Bagobira ta faɗi gaskiya. Lalle tashin duniya ya kusa." Ya yi tari, ɗiyarsa ta tallafo shi ta ba shi ruwa. Da ya huta ya ce mata da Zabarmanci ta zauna ta zama shaida. Ya juyo da idonsa gare ni.

"To ni zan riga shi, kamar yadda na saba, dokinsa ma na ƙarshe yake zuwa. Na yafe masa idona, duniya da lahira. Na yafe masa jiran da ya sa ni. Nawa kuma ni zan je in karɓa da kaina, tafiyar ba ta da nisa."

Na ce, "Baba, don Allah sake faɗi, ban tabbata na ji daidai ba."

Ya ce, "Kai, wannan jika da naci take. Na yafe wa wanda kyanwa ta yakushe. Kin ji, ko in kira mai shela?"

Na ce na ji. Na yi ta godiya har ɗiyarsa ta kama kafaɗata ta tashe ni, ta ce in bar shi ya huta. Dorinar ya tura ta ƙarƙashin matashinsa, ban tambaye shi ba. Na kai bakin ƙofa ke nan ya kira ni.

"Ke Bagobira."

Na ce, "Na'am, Baba."

"Inda kuka sa shi, akwai wuri kusa da shi?"

Na ce ban sani ba, mata ba mu je ba, amma zan tambayi Baffa.

Ya ce, "Tambaye shi. Ki ce masa ni za a haye da ni. In aka bar wa kakanki, har a busa ƙaho yana cewa sai bayan salla."

Na tambayi Baffa, daga baya ya tafi maƙabarta da kansa ya dubo. Akwai wuri.

Ya Allah, Ka ji abin da tsohon nan ya faɗa, mu biyu mun shaida. Ka isar da shi ga Kaka, Ka yalwata masa makwancinsa, Ka cire masa tsoro. Shi kuma da ke kwance a Harobanda, Ka sauƙaƙa masa, in lokacinsa ya yi Ka sa ya sami abin da zai je karɓa. Wanda ya karanta ya ce amin.